Gonar da Aka Gyara Saboda Baƙi

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, Kano ba ta gama buɗe ido ba. Mu uku ne: ni, da abokiyar karatuna, da direban da sashenmu na jami'a ya ba mu tare da wata tsohuwar mota mai yawan tari. A bayan motar akwai kula cike da ƙanƙara, da 'yan kwalabe ƙanana kamar ɗan yatsa, kowace da ruwan da ke hana ganye lalacewa. Ku da kuka ga hoton kular nan a shafina kuka yi ta tambaya ko sana'ar zoɓo na koma, yau ga amsarku.

Dawa ce ta fitar da ni daga gida. A danginmu dawar Iya muke ce mata, domin kakata ta wajen uwa ce ta zo da irinta a ƙullin zane ranar da aka kai ta ɗakin miji, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa. Dawa ce mai abin mamaki. In aka shuka ta a gonar da wuta-wuta ta kama, wannan ciyawa mai kyan fure da ke tsotse saiwar hatsi, sai gonar ta rabu biyu. Wasu karan su miƙe su fi mutum tsawo kamar ba abin da ya dame su, wasu su tsuguna iya gwiwa su yi rawaya. Babu na tsakiya. Alhali daga zangarniya ɗaya aka sussuko su. Iya takan dube su ta ce, "Ɗaki ɗaya, nono ɗaya, hali biyu."

A makaranta na koyi cewa halayen shuka suna da ƙwayoyin gado masu ba da umarninsu, kuma ana iya auna yawan saƙon da kowace ƙwaya ke aikawa a cikin ganye. Wata ƙwayar takan ja wa kanta linzami: in saƙonta ya yi yawa ta rage, in ya yi kaɗan ta ƙara, kamar mai girkin da ke ɗanɗana miya kafin ta zuba gishiri. Wata kuwa zuga kanta take yi, kamar wutar kara, ko ta kama ta ci gaba ɗaya, ko ta mutu tun a ashana. Ba a ganin wannan da ido, ba a kuma gane shi a ganye guda. Sai an auna shuka da yawa, kowace daban, a duba yadda suka sha bamban. In duk suka taru wuri ɗaya, mai linzami ce. In suka rabu gida biyu, mai zuga kanta ce. Bambancin shi ne shaidar. Saboda haka kara mai ciwo da kara mai lafiya darajarsu ɗaya a wurina.

Zatona shi ne dawar Iya tana da irin wannan ƙwaya mai zuga kanta, wadda in ta kunnu wuta-wuta ba ta iya komai. Wata cibiyar binciken noma ta ce in na kawo shaida kafin damina ta fita, za su karɓi irin su adana, su yi aiki a kansa. In ban kawo ba, kamar yadda wani babba a can ya faɗa mini yana murmushi, rumbunsu ba na ajiyar kewar kakanni ba ne. Gida uku suka rage a dangi inda na ji ana shuka ta: Bebeji, Kiru, da can gidan Kawu, yayan mahaifiyata.

Mun bar titin Zariya mun karya zuwa Bebeji rana tana leƙowa. Wanda bai ga kudancin Kano a tsakiyar damina ba bai san kore ba. Masara ta yi goyo, shinkafa tana kaɗawa a fadamu, ruwa ya kwanta a kwaruruka yana riƙe da sararin sama kamar madubin amarya. Direbanmu dai ba ya ganin wannan, ramuka yake gani, kowanne kuma sai ya gaishe shi da tsaki.

Ƙanwar mahaifiyata ta Bebeji ta tarbe mu da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi. Katangar bayan gidanta ta zube, an kare wurin da zana, a tsakar ɗaki kuma ga roba tana tarar ɗigon rufi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, 'yar nan. Lafiya lau."

Da na ambaci dawar Iya sai ta dafa ƙirji. "Allah Sarki. Ai sauran da ke rumbu shi muka daka aka yi tuwon sunan jikata. Kin ma ci, har kika nemi ƙari." Gonar yanzu masara ce tun daga kai har gindi. Na tuna tuwon nan. Ya yi daɗi ƙwarai.

Daga nan muka nufi Ƙafin Maiyaki. Kasuwa ta cika har bakin titi, buhunan taki a gefe guda, masu gasa masara a gefe guda, kowa yana kukan tsada yana kuma saye. Rafin da ke kan hanyar ƙauyen da za mu a ƙasar Kiru ya kawo, mota ba ta wucewa, dole muka hau babur. Ɗan acaɓan ya dubi kularmu ya ce ita ma fasinja ce, sai an biya mata. Abokiyar karatuna ta ce to ya gaishe ta tukuna. Haka muka tafi, na rungume kula kamar jaririya, laka tana yi mana zane a siket.

A can ɗaya ƙanwar mahaifiyata ta ce e, tana nan, ana shukawa. Sai ta ƙara da cewa shekarun baya iri ya yi ƙaranci, suka haɗa ta da ƙaura da farafara a ƙwarya ɗaya suka shuka, tun daga lokacin kuma haka ake yi. "Duk dawa ce," in ji ta, "ciki ba ya tambayar suna." Ba ta yi ƙarya ba. Amma gonar da iri uku suka cakuɗe, in na ga bambanci a cikinta ba zan san ko na ƙwayar gado ɗaya ba ne ko na dangi daban-daban. Na tambaye ta jikin maigidanta, wanda nake jin tarinsa daga ɗaki. Ta ce da sauƙi, lafiya lau.

Mun kwana a Tudun Wada gidan 'yan uwan abokiyar karatuna. Da safe muka tarar ƙanƙararmu ta koma ruwa, gari kuma ba wuta. Muka bi masu sayar da lemo shago shago muna roƙo, har wani mai kifi ya tausaya ya sayar mana da tasa. Tun daga nan binciken kimiyya ya riƙa ƙarnin tarwaɗa.

Sai dajin Falgore. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Itatuwa sun rufe mu hagu da dama, iska ta yi sanyi ta canja ƙamshi, hira ta mutu a motar ba wanda ya kashe ta. Birai suna zaune bakin titi suna kallon motoci kamar masu jiran saƙo. A wani shinge jami'in tsaro ya buɗe kular, ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a rana, ya tambaya ko allurar rigakafi ce. Na ce ta ganyen dawa ce. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce Allah ya ba dawa lafiya. Bayan mun fita daga dajin muka sayi kindirmo a hannun matan ruga, mai kauri har ludayi yana tsayawa a ciki. Ina sha ina ganin duwatsu suna matsowa, shuɗaye, gajimare ya ɗaura musu ɗankwali. A raina na ce Iya ma ta taɓa ganinsu haka, tana amarya, da ƙullin iri a ƙugunta.

Sunan Iya aka sa mini, don haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Tun makon da ya gabata na buga masa waya na ce zan zo da mutanen makaranta mu duba dawar Iya, ya ce Allah ya kawo mu. Mun same shi a ƙofar gida cikin farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Da zai miƙe ya tarbe mu sai da ya dafa bango, ɗaya hannun a ƙugu.

"Uwata ta iso. Maraba da uwata. Ina gajiya?"

Na tambaye shi ya ƙugun, ya ce lafiya lau. Babban ɗansa, abokin wasana, ya leƙo daga zaure. "Likitar dawa ta zo. A fito da duk dawar da ke zazzaɓi."

"Da kai zan fara," na ce. "Kai ma ka yi rawaya."

Na so mu wuce gona tun rana ba ta yi zafi ba, amma a gidan Kawu baƙo ba ya taka gona da yunwa. An yanka zabo. Tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu yana iyo a kai, ga zuma a saƙarta. Kawu bai ci ba, yana zaune yana kallonmu, lokaci lokaci ya yi murmushi shi kaɗai kamar mai ɓoye albishir. A nan na lura da hannuwansa. Duk sun tsattsage, irin yankan da ganyen dawa ke yi.

Gonar tana bayan gari, dab da dutse. Ina yarinya na san ta kamar kan da aka yi wa aski da wuƙa marar kaifi, nan tsawo nan gajarta, furen wuta-wuta ja-ja a tsakani. Da muka zagayo kwanar sai na tsaya.

Ban taɓa ganin gona mai kyau irin wannan ba. Kowane kara ya miƙe, kore shar, kansu ɗaya kamar sahun sallar Idi. Iska ta bi ta kansu suka rusuna tare suka ɗago tare. Direbanmu ma sai da ya ce tubarkalla. Ni kuwa idona yana ƙasa. Tsakanin kara da kara akwai gurabe, ƙasarsu sabuwa, an mayar an daddanna da ƙafa.

"Kawu, ina gajerun?"

"Waɗanne?"

"Waɗanda wuta-wuta ke kayarwa."

Sai albishir ɗin ya fito. "Ai tun ranar da kika bugo waya muka shiga. Ɗaya bayan ɗaya muka tumɓuke su. Wuta-wutar ma mun tsince ta kakaf mun ƙone. A ce uwata za ta zo da manyan baƙi daga birni, su tarar da dawarta kamar kan mai kora? Ba da raina ba." Ya juya ga abokiyar karatuna. "Malama, ki duba da kyau. In kin ga guda mai ciwo, ki ce ban iya noma ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na matse mata hannu. Me za a ce? Dattijo ya sunkuya kwana da kwanaki da ciwon baya, don kada a raina mahaifiyarsa. Ni ce ban faɗa masa ya bar su ba. Ta yaya ma ake gaya wa babba a waya ya bar aibin gonarsa a fili, baƙi na zuwa gani? Ko na faɗa, da ya ɗauka kunya ce irin ta yara, ya yi abin da ya ga ya dace.

"Ta yi kyau, Kawu," na ce. "Gona ta yi kyau."

Na tambayi inda aka kai waɗanda aka cire. Rugar maƙwabta, in ji shi, aka ba shanu. Ɗan Kawu ya raka mu. Matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce shanu sun gode, tun shekaranjiya suka cinye. Ta nuna mana ragowar a gefen turke, 'yan kara busassu da aka tattake. Saƙon da nake nema ba ya daɗewa a ganye bayan an tumɓuke shi, kafin rana ta faɗi ya watse. Na ɗauki guda na riƙe. Bai kai tsawon hannuna ba.

A hanyar dawowa ɗan Kawu ya daina wasa.

"Bana ce ta ƙarshe, kin sani ko? Ciwon bayan tsoho ya ƙi sauƙi. Baɗi masarar kamfani za mu zuba. Dawar da rabinta ke mutuwa, wa zai ci gaba da wahala da ita?" Ya tsinki ciyawa ya sa a baki. "Burinsa ke nan malamanku su karɓa. Cewa ya yi in suka ga ta yi kyau ba za su ƙi ba. Har ni sai da ya sa na yi ta sunkuyo saboda ke."

Mun ɗebi ganyen duk da haka, domin Kawu yana tsaye yana jira. Kowane kara da kwalbarsa. Yana biye da mu yana nuna mafi tsawo: "Ɗebi wannan, uwata. Wancan ma ya fi shi." Ina yanka ina sa wa a kwalba, ina jin kamar mai ɗibar ruwa da rariya.

Da za mu tafi na yi ƙarfin hali na roƙe shi abu ɗaya: buhu guda na ƙasar kusurwar da wuta-wuta ta fi kamawa, don in gwada shukawa a gida, tunda irin wuta-wutar yana kwance a cikin ƙasa. Fuskarsa ta canja.

"Ƙasa kuma?"

"Baba, sammu za ta yi mana," in ji ɗansa.

Kawu bai yi dariya ba. "Baƙo ba ya tafiya da ciwon gida. Me za a ce na ba ki?" Ya sa aka cika bayan motar da ɗanyar masara, da galan na zuma, da zabi biyu a ɗaure. Ya ce in kaka ta yi zai aiko mini da dami na zangarniyar da ta fi kowace cika. Ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga hannu har dutse ya raba mu.

Dawowa ba ta da labari. Ruwa ya kama mu tun daga Falgore har Kwanar Ɗangora, zabin suna kuka, kula tana ƙarni. Mun shigo Kano ana kiran magariba. Mahaifiyata ta tambayi mutanen gida, na ce duk lafiya lau. Ta ɗauki takalmana za ta bayar a wanke, na karɓe. Lakar gonar Kawu ce a jikinsu, irin wuta-wuta kuwa ya fi ƙura ƙanƙanta. Na kankare ta a gwangwanin madara na rufe. Ba ta cika rabinsa ba.

Shekaranjiya sakamakon ya fito. A fuskar kwamfuta kowane kara ɗigo ne, kuma ɗigon nan duka sun dunƙule wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa. Abokiyar karatuna ta daɗe tana kallo, sannan ta rage murya.

"Kin san wannan ma sakamako ne. Mai linzami ce, ga shi a fili. Dawa a gonar wuta-wuta, kuma ba guda da ta faɗi. Ai wannan ya fi wanda kika je nema. Yau ɗin nan za su karɓa."

Gaskiyarta, za su karɓa. Ba sai na ƙirƙiri komai ba, shiru kawai zan yi a kan guraben nan. Dawar Iya ta shiga rumbu mai sanyi da sunanta a jiki, Kawu ya samu abin da ya sunkuya dominsa. Na zauna da wannan tunani yini guda, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi. Amma iri ba a rumbu yake ƙarewa ba. Wata rana za a miƙa shi ga wani manomi a ce masa ba ya faɗuwa, ya zuba gonarsa duka, rabinta ta tsuguna iya gwiwa, kuma ba shi da baƙon da zai gyara wa.

Jiya na je cibiyar na faɗi yadda aka yi. Babban nan ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin tausayi, ya ce in dawo in na sami gonar da ba a taɓa ba. Na yi godiya. Babu wata gonar.

Na fita neman ƙwayar da ke zuga kanta, na dawo da abin da ba ya cikin littattafanmu. An koya mini cewa in ka ga abubuwa sun yi kai ɗaya, to akwai linzami a ciki. Ba a koya mini in tambayi a hannun wa linzamin yake ba, ko kuma ina aka kai waɗanda ba su yi kai ɗaya da saura ba. Tun daga Bebeji har Doguwa na gaisa da mai rusasshiyar katanga, da mai majinyaci a ɗaki, da mai ciwon baya, amsarsu ɗaya, ba ta sha bamban ko da wasali ba. Da gaisuwarmu za a auna, da an rubuta cewa ba mai ciwo a ƙasar nan. Mu mutane ne masu share tsakar gida kafin baƙo ya iso, kuma ina son mu da wannan hali. Sai dai wani baƙon likita ne.

Yau da hantsi Kawu ya kira. Ina jin iska a bayansa, na san a gona yake tsaye.

"Uwata, malaman sun gani?"

"Sun gani, Kawu."

"Sun yaba?"

"Sun ce ba su taɓa ganin gona irinta ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To madalla. Wahala ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ya aikin naki?"

Gwangwanin madarar yana kan taga, ina kallonsa.

"Lafiya lau, Kawu," na ce.